Wuyan Asta da Hannun Ɗan Farinta

Duk wanda ya zauna a Angwan Iya kafin Keffi ta cika ta batse da ma'aikatan Abuja ya san Asta mai nono. Ko bai san sunanta ba, ya san tafiyarta. Doguwa ce siririya, takan shigo unguwa da hantsi da ƙwarya a kan ƙwarya, hannuwanta biyu a sake kamar ba ta ɗauko komai ba. Matan unguwa sukan ce da za a ɗora mata kofin shayi a ka tun daga ruga, sai dai ya iso da sanyi, amma ba zai ragu ba. Ita ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin yabo ba. A ganinta wuya don kaya aka yi shi.

Abin da har yau ke damun mutanen unguwar shi ne, wuyan nan ya yi shekara da shekaru yana ciwo, alhali ɗan da ta haifa ba shi da aikin da ya wuce gyaran wuya da baya. Mata daga ko'ina sun zo ya duba su. Uwarsa ce kaɗai ta ƙi yarda ya taɓa ta, saboda shi ne ɗanta na fari.

Wanda bai zauna da Fulanin ruga ba zai yi saurin cewa wauta ce, kuma daga nesa maganar tana da sauƙin faɗa. A gidan da Asta ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wurinsu wannan kunyar ita ce darajar mace. Ta haifi Abdulmuhaimin a farkon aurenta da Ɓoɗejo, lokacin rugarsu tana can wajen Masaka, tun wurin yana daji da ciyawa. Ana yaye shi surukarta ta ɗauke shi zuwa bukkarta. Ya tashi yana kiran kakarsa Inna, uwarsa kuma Adda, wato yaya, kamar yadda 'ya'yan fari ke yi. Ita kuwa in dole ta ambace shi, sai ta ce wancan, ko ta ce na ɗakin Inna.

Akwai ranar da wata karsana ta tunkuye shi yana ƙarami, ya faɗi a gaban Asta tana tatsa. Goshinsa ya fashe, yana kuka yana miƙo mata hannu, matan ruga kuma suna kallo. Asta ba ta ɗauke ido daga hantsar saniya ba har Inna ta rugo ta ɗauke shi. Da yamma mata suka yi ta yaba mata, wai fulakonta, wato kunyar nan ta Fulani, ya cika. Ba wadda ta lura cewa rabin nonon da ta tatsa ranar a ƙasa ya zuba.

Zuwansa makaranta aikin Dokas ne. Dokas malamar firamare ce, 'yar ƙabilar Mada, mai babbar murya da saurin fushi da saurin hucewa, kuma gidanta ne farkon wanda Asta ke shiga a Angwan Iya. Daga cinikin nono suka zama aminai. Shekarar da ciwon huhu ya shiga garke ya rage shanun Ɓoɗejo, Inna ma ta rasu, sai Dokas ta ce a kawo mata yaron ya zauna a gidanta ya yi karatu. Asta ba ta da bakin da za ta roƙi mijinta a kan ɗan fari. Abin da ta yi kawai, kullum in ta dawo daga gari sai ta ce, kamar da kanta take magana, yaran da ke zuwa makaranta ruwan sama ba ya dukansu a daji. Ta yi ta faɗa har Ɓoɗejo ya gaji da ji, ya ɗauki yaron da kansa ya kai shi.

Dokas ta riƙe amana. Ta saya masa buta da tabarmar salla, kuma ita mai zuwa coci ita ce ke buga masa ƙofa da asuba, ba ɗaga ƙafa. Asta kuwa kullum sai ta shigo gidan. In ta tarar da shi a tsakar gida, zai durƙusa ya ce, Adda, sannu da hanya, ita kuma ta amsa tana kallon bango. In za ta tafi sai ta ajiye curin fura da ɗan man shanu daban, ta ce wa Dokas ta ba duk mai jin yunwa a gidan. Dokas takan ce mai jin yunwa a gidan nan ɗaya ne, kuma kin fi ni sanin sunansa. Asta ta yi kamar ba ta ji ba, ta gyara gammo ta fita.

A shekarun nan ne Abuja ta fara cin ƙasa. Ma'aikatan da ba su iya haya a cikin birni suka kwararo Mararaba, suka cika ta, suka wuce Masaka, wasu har Keffi. Inda shanu ke kwana jiya, yau ka tarar an kafa duwatsun awon fili, gobe an zuba yashi da bulo. Mai filin ma ba ka ganinsa, sai wani da takarda a hannu ya zo ya ce a tashi. Su Ɓoɗejo suka tashi, suka sake tashi, har suka ƙare a bayan Gitata, can ciki nesa da titi. Masu shan nono suka ƙaru a gari, hanyar kawo shi kuma ta ƙara tsawo. Asta takan taso da sassafe da kaya a ka ta ratso gonaki da rafi zuwa bakin titi, ta shiga mota da ƙwarya a cinya, in ta sauka a Keffi ta sake ɗorawa ta bi unguwanni. 'Yan uwanta da yawa suka koma zuba nono a bokitin roba suna hawa acaɓa. Ita ta ce nonon roba wari yake yi, ba za ta kai wa mutanenta shi ba.

Ciwon ya fara ne kamar tsamin jiki, irin wanda barci ke warkarwa. Sannu a hankali barcin ya daina warkar da shi. Ya zauna a ƙeya, ya sauko kafaɗa, wata rana har tsakiyar baya. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho. Ta shafa man zafi har fatar wurin ta yi duhu. Ta sha ƙwayar kemis, mai fari da mai ja, duk wadda aka ce tana da kyau. In aka kira ta daga baya, sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, don wuyan ya daina juyawa shi kaɗai. Mutane suna gani suna cewa tafiyar Asta sai ƙara natsuwa take yi.

Shi kuwa Abdulmuhaimin karatu ya karɓe shi. Ya zama likitan gashin ƙashi, daga baya ya samu tafiya ƙasar waje ya koyo wata hanyar magance ciwon baya da wuya da hannu, wadda ake dannawa ana daidaita gaɓoɓin ƙashin baya. Turawa na ce mata kayirofiraktik. Dokas ta gwada faɗar sunan har ta haƙura, ta koma ce masa aikin murɗe wuya. Ya dawo ya kama aiki a wani asibiti a Abuja, ya kuma shiga digirin digirgir. Abin da ya zaɓa ya bincika shi ne matan da ke ɗaukar kaya a ka: ko gyaran hannun nan yana rage musu ciwo fiye da motsa jiki kaɗai, kuma in yana ragewa, na tsawon wane lokaci.

Ya kama ɗaki a Gangaren Tudu, ya sa wani siririn gado mai rami a wajen kai, inda mutum ke sa fuska. Ƙarshen mako yakan taso daga Abuja ya buɗe. Matan da ke zuwa ya raba su kashi biyu, wasu ya yi musu gyaran hannu tare da motsa jiki, wasu motsa jikin kaɗai ya koya musu, sa'an nan ya riƙa auna iya inda wuyan kowacce ke juyawa yana rubutawa. Ba kowa yake murɗawa ba. Sai ya yi tambayoyi, ya taɓa yatsu, ya ƙwanƙwasa gwiwa, wadda ya ga alamar da ba ta kwanta masa ba ya tura ta hoton ƙashi tukuna. Masu itace suka zo, da masu doya, da masu tallar ruwan leda a bakin titi, da masu nono. Kowa a Angwan Iya ya san dalilin da ya sa ɗan Asta ya bar duk cututtukan duniya ya zaɓi wuyan masu ɗaukar kaya. Mutum biyu ne kawai ba su taɓa faɗa ba, shi da ita.

Abin dariya, abin tausayi, rabin matan Fulanin da suka shiga ɗakin nan Asta ce ta turo su. A mota, a bakin rafi, a gidan suna, in ta ji wata na kukan wuya sai ta ce akwai wani likita a Gangaren Tudu, an ce ya iya. Haka take faɗa, wani likita, kamar a rediyo ta ji labarinsa. Ta kuma sauya wurin zamanta. Ita da ba ta da ciniki a Gangaren Tudu, sai ga ta kowace Asabar a gindin mangwaron da ke tsallaken ɗakin, ta ba ƙofar baya tana dama fura. Matan da suka fito sukan tsaya su sha nono suna juya wuya hagu da dama, suna ba da labarin yadda ya tallabi kai, da ƙarar da ƙashi ya yi, da yadda suka ji kamar an sauke musu kaya. Asta ba ta tambaya, amma ba ta bari kalma ɗaya ta wuce ta. Ranakun nan ludayinta yakan cika fiye da kullum.

Ta tagar ɗakin yana ganinta. Ya ga yadda take juyowa da kafaɗu, ya ga yadda take lumshe ido in za a ɗora mata kaya. Ya bi ta hannun Dokas ya aika a ce wa Adda ta shigo ya duba ta. Amsa ta dawo cewa lafiyarta lau. Ya sake aikawa cewa in kunya ce, akwai abokiyar aikinsa mace a Abuja, zai sa a kai ta, shi ba zai ma je wurin ba. Wannan ne ya fi ɓata mata rai. Ta ce wa Dokas, yanzu in aka gan ta a hannun wani likita, me mutane za su ce? Za su ce ɗan nata ma uwarsa ba ta yarda da hannunsa ba. Wa zai ƙara shiga ɗakin nan?

Dokas ta ce, "To ba za ki je wurinsa ba don kunya, ba za ki je wurin wani ba don kada a raina shi. Ina za ki je ke nan?"

Asta ta ce, "Gida."

Ya je ruga da kansa ya yi wa mahaifinsa magana, ko a rage mata kayan. Ɓoɗejo ya ce nono na mace ne, shi bai taɓa sa baki a harkar ƙwaryar matarsa ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta amfani kowa ba. Abdulmuhaimin ma da nasa laifin, in za a faɗa. Mutumin da ke tsayawa gaban manyan malamai yana bayanin bincikensa, in ya zo gaban bukkar uwarsa sai harshensa ya ɗaure, ya gaishe ta ya koma mota. A ruga aka haife shi, kunyar tana jikinsa kamar yadda take jikinta.

Ita kuwa a ɓoye tana bin maganinsa. Motsa jikin da yake koya wa mata ta koye shi tsaf a bakinsu. Da yamma sai ta zaga bayan bukka, inda ba mai ganinta sai maruƙa, ta ja haɓa ciki, ta sunkuyar da kai, ta juya kafaɗu. Ta ɗan ji sauƙi na wani lokaci, ta yi murna, ba don sauƙin kaɗai ba, don ta tabbatar wancan ya san aikinsa. Amma kullum da safe kayan na komawa inda suke.

Da damina ta yi nisa ciwon ya tsananta, har tsintsiya ta fara gagarar ta. Akwai wata abokiyar tallarta, Sa'adiya, maƙwabciyarta a ruga, wadda ta sha kwanciya a gadon nan mai rami kuma ta ji daɗin jikinta. Sa'adiya mace ce mai son taimako wadda ba ta taɓa shakkar kanta ba. Wata yamma ta tarar da Asta zaune ta dafe ƙeya, ta ce ai ita ta ga yadda yake yi, ba wani abu ba ne, tallabar kai ne a ja a murɗa. Asta ta dubi hannun Sa'adiya. Ta san Sa'adiya ba likita ba ce. Amma hannun nan da ke gabanta a wurinsa ya ga aikin, kuma wuyan mai hannun, wancan ne ya taɓa shi. In ba za ta samu hannunsa ba, to ga na aro. Ta shimfiɗa tabarma ta kwanta.

Ƙashin ya yi ƙara kamar yadda mata ke faɗa. Sai dai abin da ya biyo baya ba wanda ya taɓa ba ta labarinsa. Wani abu ya tsarga mata daga ƙeya zuwa yatsun hannu da na ƙafa, kamar ta taɓa wayar lantarki. Sa'adiya ta tambaye ta ya ta ji, ta ce da sauƙi, ta yi mata godiya. Washegari yatsunta suka tashi a mace. Ta kama hantsa ta kasa matsawa, sai wata ce ta tatsa mata. Duk da haka ta sa aka ɗora mata kaya, ranar da kuma ranakun da suka biyo baya, tana tafiya ƙafarta na karkacewa kamar ba tata ba.

A tsakar gidan Dokas abin ya ƙare. Ta shigo da hantsi, ta kai hannu za ta sauke, yatsun suka ƙi kamawa. Ƙwaryar ta sulluɓe ta fashe a kan siminti, nono ya malale har bakin kwata. Asta ta durƙusa za ta ɗauki ludayi, ta ɗauka ya faɗi, ta sake ɗauka ya sake faɗi. Dokas tana tsaye tana kallo. Sai ta je ta kulle ƙofar gida ta sa makullin a cikin zanenta.

Ta ce, "Asta, yau ba za ki fita gidan nan ba. Na yi shiru shekara da shekaru, na ce al'adarku ce, ba ruwana. To yau da ruwana. Ni na raini yaron nan, na san abin da ke cin sa. Kina tsammani ke kaɗai ke ciwo?"

Asta ta ce a hankali, "In kin kira shi, ina zan sa idona?"

"Ki sa shi a mayafi. Wuyan yake nema, ba idon ba."

Ranar aiki ce, yana Abuja, kuma cunkoson Mararaba bai san gaggawa ba. Sai bayan la'asar ya iso. Asta tana kwance a gadon Dokas, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ji tsayawar mota, ta ji ya cire takalmi a bakin ƙofa, ta ji ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa daga cikin mayafi. Daga nan duk tambayar da zai yi Dokas yake yi wa, Mama ki tambaye ta yaushe hannun ya fara mutuwa, Mama ki ce ta buɗe yatsu ta rufe da sauri. Dokas ta maimaita, Asta ta ba Dokas amsa, su uku a ɗakin da bai fi a miƙa hannu a taɓa juna ba. Yatsun suka buɗe da ƙyar suka rufe da ƙyar. Ya ƙwanƙwasa gwiwarta ta saman zane, ƙafar ta yi tsalle ita kaɗai.

Ya ce, "Mama, ki tambaye ta ko wani ya murɗa mata wuya."

Asta ta so ta yi ƙarya, amma ba ta iya ba. Ta ce wa Dokas, "Sa'adiya ce. Ni na yarda. Ta ce ta ga yadda yake yi. Ki ce masa kada ya ga laifinta."

Dokas ba ta maimaita ba. Asta ta ji ya tashi ya fita tsakar gida, ta ji ƙarar buta, ya daɗe yana wanke fuska. Da ya dawo sai ya zauna ta wajen kanta. Ya yi bisimilla a hankali, ya zura tafukansa biyu ƙarƙashin ƙeyarta. Jikinta duk ya sandare. Rabonta da jin fatarsa tun ranar yaye. Hannun babba ne, da ɗumi, yatsun suna bin ƙashin gaɓa bayan gaɓa ba tare da dannawa ba. Ta riƙe numfashi tana jiran ja da murɗar nan da mata ke ba da labari, da sauƙin da ke biyo baya. Ta jira, ba a murɗa ba.

Ya ce, "Mama, wannan ya wuce aikin hannu. Ina jin ƙashi ya danne laka. In na murɗa, ba za ta sake tashi ba. Sai an yi hoto a Abuja, kuma da wuya a tsira daga tiyata."

Dokas ta tambaye shi, da ta zo tun da wuri fa? Ya gyara tafukansa kawai a ƙarƙashin ƙeyarta, Asta kuma ta gane amsar. Baƙin ciki ya kama ta, ba don wuyan ba, ba don ƙwaryar ba. Duk shekarun nan tana tsare masa mutunci, ga shi ranar da ta zo gabansa ta kawo masa abin da ba zai iya gyarawa ba. Hawaye suka gangaro ta gefen ido suka bi bayan kunne, kuma ta san a tafinsa suke sauka.

An yi tiyatar daga baya. Ta tsayar da ciwon inda ya kai, amma ba ta dawo da yatsun ba, kaya kuma bai sake hawa kan Asta ba. Tana nan a ruga, tana tafiya da sanda, wata ke kawo nononta gari a bokitin roba. Abdulmuhaimin ya kammala bincikensa. Ya gano gyaran hannun yana taimakon mata da yawa na wani lokaci, in ciwon bai yi nisa ba kuma an rage kayan, kuma akwai waɗanda bai kamata a taɓa su ba ko kaɗan. Uwarsa ba ta cikin matan da ya auna.

Amma duk wannan daga baya ne. A yammacin nan, da ya gama magana, aiki na jiransa. Akwai waya da zai buga, akwai mota da za a shirya, akwai Ɓoɗejo da za a sanar. Asta ta ji yatsunsa sun fara zamewa a hankali daga ƙarƙashin kanta. Sai a lokacin ta lura cewa tun da ya tallabe ta, nauyin kanta duka a hannunsa yake, wuyan bai ɗauki komai ba.

Ta ce, "Dokas."

"Na'am."

"Ki ce masa ya bar hannun tukuna."

Dokas ta buɗe baki za ta isar da saƙo, sai ta juya ta fuskanci taga. Abdulmuhaimin ya mayar da hannunsa inda yake. Asta ta ƙara jan mayafin ta rufe fuskarta da kyau, ta saki kanta a tafinsa. Haka suka zauna har aka kira magariba.